Extol: Kalmar Kambamawa a Ingilishi da Takwarorinta a Bakin Hausawan Arewacin Gana

Extol kalma ce ta Ingilishi daga rukunin aikatau, ma'anarta a yabi mutum ko wani abu yabo mai ƙarfi, a fili, da zuciya ɗaya. Ta fi ƙarfin "madalla" da "sannu da ƙoƙari". Idan aka ce wani ya yi wa mutum irin wannan yabo, ana nufin ya miƙe a gaban jama'a, ko ya ɗauki alƙalami, ya yi ta jero kyawawan halayensa ɗaya bayan ɗaya har mai sauraro ya yarda lallai wanda ake magana a kansa ya kere sa'o'insa. Zafin yabon da fitowarsa fili su ne ginshiƙinta. In babu su, Bature yakan koma ga kalmarsa ta yau da kullum, wato praise, wadda ta yi daidai da "yaba" a Hausa.

Asalinta Latin ne, daga extollere, haɗin ex mai nufin "waje" ko "sama" da tollere mai nufin "ɗaga". Ta shigo Ingilishi a ƙarni na 15, kuma da farko har a ma'anarta ta zahiri ake amfani da ita, wato a ɗaga abu sama. Wannan ma'ana ta daɗe da mutuwa, ta bar ta aro, wato ɗaga mutum da baki. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda "ɗaukaka" da "ɗauka" tushensu ɗaya.

Gaɓa biyu gare ta, kuma a kan ta biyun ake danna murya, kamar a ce "iks-tol". A rubutun Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta, ciki har da Gana, harafin l ɗaya ne a ƙarshenta, amma in za a nuna aikin ya shuɗe ko yana gudana sai a ninka shi, a rubuta extolled da extolling. A Amurka akan ga extoll da l biyu jefi-jefi. A nahawu aikatau ne so-karɓau: dole a ambaci wanda aka yaba ko abin da aka yaba nan take a bayanta, ba tare da wata ƙaramar kalma ta shiga tsakani ba. Nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, su cusa about ko on a bayanta, alhali ba ta bukatar ko ɗaya. Sunan aikinta, extolment, yana nan a manyan ƙamusoshi, amma da wuya a ji shi a bakin kowa.

Wurin da aka fi samun ta shi ne cikin jerin extol the virtues of, wato jero alherai ko amfanin wani abu. Abin lura shi ne sau da yawa abin da ake yabon ba mutum ba ne. Jami'in gona da ke zagaya ƙauyuka yana bayyana amfanin sabon irin masara, malamar asibiti da ke nuna wa mata fa'idar shayar da jariri nono zalla wata shida, limamin da ya yi huɗuba a kan falalar haƙuri, duk ana iya ba da labarinsu da wannan kalma. In mutum ake yabo, galibi halinsa ake kamawa, kamar jaruntakarsa ko kyautarsa ko iliminsa. Kalma ce ta rubutu da taro, ta jawabin sarki da sharhin jarida da addu'ar coci. Wanda ya yi amfani da ita a hirar shayi don ya ce abokinsa ya yaba wa tuwon da aka kawo masa, ya sa wa magana babbar riga a inda 'yar shara ta isa. Tana kuma da wata inuwa da ya kamata mai karatu ya sani: a Ingilishin zamani marubuci yakan zaɓe ta a wasu lokuta don ya nuna cewa yabon na mai yabo ne, shi bai sa hannu ba, musamman in mai yabon yana da abin sayarwa.

A fagen addini babu wannan inuwa ko kaɗan. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, ta yi amfani da kalmar a Zabura wajen ɗaukaka Ubangiji, kuma daga nan ta shiga waƙoƙin coci. Muhammad Asad, a fassarar Alƙur'ani da ya fitar cikin Ingilishi a 1980, ita ya zaɓa a wurare da yawa inda Larabci ya zo da umarnin yin tasbihi. A nan daidanta a Hausa shi ne "tsarkake" ko "ɗaukaka" ko "yi tasbihi", kuma babu malamin da zai yarda a sa wata kalmar kasuwa a gurbinsu.

Mai jin Hausa a Salaga ko Yendi ko Bawku yana gamuwa da kalmar ta ƙofa biyu. Ta farko makaranta ce, domin Ingilishi shi ne harshen hukuma a Gana, da shi ake rubuta jarrabawar BECE da WASSCE da hukumar WAEC ke shiryawa, kuma tambayoyin neman kalma mai kama da wata ko kishiyarta sukan ɗauko irinta. Ta biyu jarida ce. Daily Graphic da aka kafa a 1950, da Kamfanin Dillancin Labarai na Gana da aka kafa a 1957, da shafukan labarai na intanet, cike suke da labaran sarki ya yaba wa gwamnati, minista ya yaba wa manoma. A kanun labari an fi ganin 'yan uwanta gajeru, laud da hail, saboda fili kaɗan suke ci. Laud kusan ɗaya take da ita, ita ma daga Latin. Hail tana ɗauke da ma'anar tarba da shewa, kamar yadda aka yi maraba da naɗin Ya Na Abukari na Biyu, sarkin Dagwamba, a Yendi cikin Janairun 2019, bayan shekaru goma sha bakwai ana jiran mafita tun kisan Ya Na Yakubu Andani na Biyu a 2002. Commend kuwa yabo ne mai sanyi, irin na shugaba ga na ƙasa da shi, wanda Hausa ke cewa "ya yaba da ƙoƙarinsu". Can gefe akwai rave, ta hira da nishaɗi, wadda ake yi wa fim ko abinci, ita ce kuma ke tafiya da about. Da eulogise, wadda ta fi karkata ga yabon mamaci. Da flatter, wadda ta fita daga sahun gaba ɗaya, don ita daɗin baki ce.

Hausa ba ta da kalma ɗaya tak da za a ajiye a gurbin extol a kowane wuri. Wannan ba talauci ba ne, yawa ne ya jawo shi. Ingilishi ya rarraba kalmominsa na yabo bisa ƙarfi da kuma wurin da ake faɗarsu. Hausa ta ƙara da tambayar wa ke yabon, wa ake yabo, kuma me mai yabon ke jira. "Kambama" ita ce mafi kusa, don tana nufin a girmama mutum da baki a gaban mutane, ko da yake takan ɗauki ƙanshin wuce gona da iri. "Kuranta" ma haka take. "Jinjina wa" tana nuna sallamawa ga gwani ko jarumi, kuma asalinta ɗaga dunƙulallen hannu ne ga basarake. Wasu uku kuma daga wurin sana'a aka ɗauko su. "Wasa" ta wuƙa ce a kan dutse: an wasa mutum ke nan in an yi masa kirarin da ya ƙara masa kaifi. "Koɗa" ta dutsen niƙa ce da ake sassara don ya ƙara ci, shi ya sa in an ce ana koɗa wani, ana nufin ana ta yabonsa ba ƙaƙƙautawa, sau da yawa don a sami wani abu. "Zuga" ta maƙera ce, iskar zugazugi da ke hura wuta, kuma ta riga ta tsallaka daga yabo zuwa ingizawa. Wanda aka zuga yakan yi kyautar da zai kwana yana nadama. Daga nan sai bambaɗanci da tumasanci da fadanci, waɗanda duk yabon neman abin duniya ne. Manyan ƙamusoshin Hausa, na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, sun tattara mafi yawan waɗannan kalmomi da misalansu.

Bambancin ya fi fitowa fili in aka dubi yadda ake yabo a garuruwan nan uku, domin kowanne da irin nasa.

Salaga, a ƙasar Gwanja, ita ce babbar kasuwar goro ta ƙarni na 19, inda fataken Kano da Katsina da Barno ke sauke kaya su ɗauki goron Asante. Ta fara raguwa bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa mutanenta. Cikin waɗanda suka watse akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, aka san shi da Umaru Salaga, daga baya Umaru Karaki, saboda ya koma Kete-Krachi a 1896 ya zauna har rasuwarsa a 1934. Shi ne babban marubucin wannan yanki, da Larabci da Hausar ajami. Tun yana saurayi, a 1877, ya tsara littafin koyar da rubutun wasiƙa, kuma wasiƙar wancan zamani ba ta shiga bukata sai ta gama jera wa wanda aka aika wa laƙabobi na girma. Ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, da talauci da wadata, da annobar murar 1918, ya kuma yi waƙoƙin yabo ga manyan zanguna da suka karrama shi, cikinsu har da Malam Sallau, Sarkin Zangon Kumasi. Yabon malami irin wannan, rubutacce, mai awo da amsa-amo, mai lissafa kyauta da ilimi da riƙon amana, shi ne ya fi kowane dacewa da extol. Masu rubuta tarihinsa da Ingilishi suna da hujja in sun yi amfani da ita. 

Sama da wannan akwai yabon da Hausa ta ware wa sunansa na kansa, wato bege ko madahu, yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A watan Rabi'ul Awwal, zangunan Gana kamar na ƙasar Hausa sukan raya dare da karatun Ishiriniya ta Alfazazi, wanda ya rasu a 1230, da Burda ta Busiri. Mai bege ba ya jiran tukuici daga wanda yake yabo, kuma a yabonsa akwai ƙauna da ɗokin gani da kalmar Ingilishin ba ta ɗauke da su. Extol takan kama rabin ma'anar, ta bar sauran.

A Yendi, inda fadar Gbewaa take, mazaunin Ya Na sarkin Dagwamba, yabo sana'a ce ta gado. Makaɗan da ake kira lunsi, masu lunga, ɗan uwan kalangu, suna da sarautunsu, babbansu shi ne Namo Na. Kowane sarki da kowane babban gida yana da take, kuma galibi karin magana ne da mai shi ya zaɓa, wani lokaci da habaici a ciki ga abokan takara. Makaɗi yakan hango mutum a kasuwa ko wurin suna, ya gane ɗan gidan wane ne. Sai ya matse lunga a hammata, ya sa maƙoƙon gangar ya faɗi taken kakan mutumin, sannan ya bi da baki yana saukowa daga kaka zuwa uba har ya iso kan mai tsayuwa. Mutumin yakan tsaya cik, ya sa hannu a aljihu. In rawa ta kama shi, 'yan uwa su fito su manna masa kuɗi a goshi, kuɗin su zube, yaran makaɗa su tsince. A lokutan Salla akan yi Samban Lunga a ƙofar fada, inda babban makaɗi zai kwana yana rera tarihin sarakuna, irin su Na Zanjina wanda ake danganta kafuwar Musulunci a ƙasar Dagwamba da zamaninsa, wajen 1700. Akwai sassan tarihin da ba a taɓawa sai an yi yanka. Ga kuma masu goge, ƙarƙashin Yamba Na, waɗanda waƙoƙinsu ke gauraya Dagbanci da Hausa da Gurmanci, kamar yadda Jacqueline DjeDje ta nuna a littafinta na 2008 kan kiɗan goge a Afirka ta Yamma.

In ɗan jarida ya rubuta cewa makaɗan sun yi extol ɗin Ya Na a bikin Damba, bai yi ƙarya ba, amma ya rage abin ƙwarai. Makaɗin Dagwamba ba ra'ayinsa yake faɗa ba. Yana gaya wa mutum ko shi wane ne, daga wace tsatso ya fito, da abin da ake jira daga mai wannan suna. Hausa tana da kalmomin da suka dace, wato kirari da take da roƙo. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 kan roƙo a ƙasar Hausa, ya nuna cewa maroƙi yana shelanta matsayin kowa ne a cikin al'umma, kuma bakin da ya yi yabo shi ne ke iya juyawa ya yi zambo in an hana shi. Kalmar Ingilishin ba ta san da tukuici ba, ba ta kuma san da zambo ba. Wannan gibi ne babba, kuma mai fassara da ya manta da shi yakan mai da maroƙi mai sharhi, ko ya mai da mai sharhi maroƙi.

Bawku, can a kusurwar arewa maso gabashin Gana kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, gari ne na Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi da Hausawa da wasunsu, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su a ciniki. Kasuwarta tana ci duk bayan kwana uku, ta yi suna wajen albasa da dabbobi. A nan ake ganin ɗaya fuskar kalmar. Ana gab da Layya, dillali yakan riƙe rago ta ƙaho, ya buɗe bakinsa ya nuna haƙora, ya danna gadon bayansa don mai saye ya ga kitse, yana rantsuwa cewa dusa da harawa kaɗai ya ci tun yana ɗan tunkiya. Gefe guda mai maganin gargajiya ya ɗora lasifika a kan mota yana lissafa cututtukan da kwalba ɗaya ke kawarwa. Abin da su biyun ke yi shi ne ainihin extol the virtues of a ma'anarta mai inuwar shakka, kuma Hausarsa ita ce "yana koɗa hajarsa". Ba a ce "yana ɗaukaka ragonsa" ba.

A Bawku kuma yabon shugaba magana ce mai nauyi. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya taso tun ƙarshen shekarun 1950, ya ci rayuka da dukiya, kuma a irin wannan hali kambama wani basarake a bainar jama'a yana iya zama ɗaukar ɓangare a kunnen mai sauraro. Mai fassara labari a rediyo, inda Hausa ke cikin harsunan da Gidan Rediyon Gana ke watsa shirye-shirye da su, yana da alhakin auna kalmarsa. In rahoton Ingilishi ya ce commend, "ya yaba" ta wadatar. In ya mai da ita "ya kambama" ko "ya wasa", ya ƙara gishirin da babu shi a asali, kuma a garin da ake zaman ɗar-ɗar ƙarin gishiri ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan a bikin Samanpiid na Kusasi, da ake yi a ƙarshen shekara bayan girbi, abin da ake yi wa Ubangiji godiya ce, ko da rahoto ya kira shi yabo. Jawaban baƙi ne ke ɗauke da yabon mutane.

Ga mai juya extol zuwa Hausa, abin dubawa na farko shi ne wanda aka yaba. In Allah ne, "ɗaukaka" ko "tsarkake". In Annabi ne, "yabo" ko "bege". In mutum ne aka yaba da gaskiya a taro, "ya yaba masa matuƙa", "ya jinjina masa", ko "ya bayyana kyawawan halayensa". In ɗabi'a ce ko wani aiki, "ya bayyana falalar" ko "ya jero amfanin". Sai in marubucin asali ya nuna shakka ne ake ɗauko "koɗa" da "kuranta". Wanda kuma ke juyawa daga Hausa zuwa Ingilishi ya kiyaye kada ya kira kowane yabo da ita. Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole, amma mafi yawan yabon da ake yi a rana, na uwa ga ɗa da na maigida ga yaron shago, praise ce kawai. Ba a cika jin mutum ya ce da bakinsa yana yi wa kansa extol ba, kuma nan harsunan biyu sun yi tarayya, tunda a Hausa ma yabon kai jahilci ne.

Akwai kalmomi uku da ke rikita ɗalibai saboda kamar sauti. Exalt, daga kalmar Latin mai nufin tsawo, tana iya nufin yabo a harshen addini, amma tana kuma nufin ɗaga matsayin mutum a aikace, kamar a ba shi sarauta, abin da extol ba ta yi, don ita a baki take tsayawa. Exult tana nufin yin murna ƙwarai, kuma ba ta ɗaukar karɓau kai tsaye. Extort ita ce mai haɗari, domin ma'anarta karɓar kuɗi ko wani abu ta hanyar tsoratarwa. Ɗalibin da ya musanya su a jarrabawa yakan mai da sarkin da ya yabi talakawansa ya zama wanda ya tatse su. Kishiyoyin extol da aka fi kawowa su ne denigrate da disparage da decry, waɗanda Hausa ke fassarawa da "kushe", "ƙasƙanta", "aibata" da "yi tir da", gwargwadon ko mutum aka taɓa ko aikinsa.